Keken Furanni na Melaka

Lokacin ruwan ƙarshen shekara ne. A Kuala Lumpur ba a cewa damina ta shigo, don ba ta taɓa fita ba, sai dai a ƙarshen shekara takan ƙara ƙarfi. Kullum bayan la'asar sama ta haɗe, a sako ruwa har ka daina ganin benen da ke gabanka. Wanki ya kwana a baranda bai bushe ba, takalman fata su yi funfuna a bayan ƙofa. Shekarar kuwa ta kwashe kaya ce. Matan da muka saba da su a unguwarmu ta Sri Petaling, waɗanda muke haɗuwa wajen suna da buɗa-baki, ɗaya bayan ɗaya mazajensu suka gama karatu suka koma gida. Kowacce ta bar min wani abu, wannan tukunya, waccan ƙaramin turmi, wata ragowar daddawa a leda. Kicin ɗina ya cika da kayan mutane, falona babu kowa. Mu mun zauna ne saboda maigidana ya samu koyarwa a wata jami'a a unguwar Bukit Jalil bayan ya gama.

A shekarar aka yanke cewa babbar 'yata za ta koma Kano ta yi jami'a. Yayar maigidana, wadda yara ke kira Goggo, ta zo ganin likita saboda gwiwarta, sai aka ce in za ta koma su tafi tare. Ba a tambaye ni ba, an dai gaya min. Na ce Allah ya sa hakan ne alheri.

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, don ko da baki ban saba faɗarsa ba. 'Yar fari ce. A inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta jawo shi jikinta in da idon surukai. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "ke" take ce min, ko ta aiko ƙanwata ta ce "kira min waccan." Amma ban taɓa kwana da tunanin ba ta so na ba. Gidanmu cike yake da mata. Kakata takan zaunar da ni tana tsefe min kai ta ce, "Kin ga uwarki da ke kawar da kai in kin shigo? Ke ce abin kunyarta, ke ce ta fara sa ta zama mutum." Ƙannen babana su yi ta tsokanarta a kaina tana rufe fuska da mayafi. Kunyar tata kowa yana karanta min ita.

Ita tawa 'yar tana ƙarama muka kawo ta nan. A saman bene ta girma, daga mu sai mu. Babu kaka, babu inna, babu mai ce mata komai. Abin da take gani shi ne ƙawayenta 'yan ƙasar, uwa ta zo ɗaukar 'yarta a makaranta ta rungume ta a bakin titi. Ubanta kuma tun da ya yi boko mai zurfi ya ajiye tasa kunyar, yana kiran sunanta daga falo har kicin. Ƙanwarta, autata, ni ma nakan kira ta, in goya ta, in yi mata waƙa. Babbar kaɗai ce "ke."

Ita ta kawo maganar Melaka. Wani tsohon gari ne a kudu, a bakin teku, tafiyar safiya ɗaya a mota. Ta ce ba za ta bar ƙasar ba sai mun je gaba ɗaya, tun da duk zaman da na yi ban san ko'ina ba sai kasuwar unguwarmu da Brickfields, unguwar Indiyawa, inda nake sayen kayan yaji. Ta same ni ina yanka albasa, ta miƙo min wayarta tana nuna min abubuwan da ake gani a can: jajayen gine-gine, coci a kan dutse, kogi da jirgin ruwa, wani masallaci mai rufin bene-bene. Da Hausarta mai tsalle-tsalle take bayani, tana cike gurbi da Turanci.

"Umma, kalli wannan. Keke ne, mutum biyu yake ɗauka. Ni da ke za mu hau, lah." Ta ƙarasa da ɗan "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana.

Na duba. Keke mai ƙafa uku, an lulluɓe shi da furannin roba da 'yan tsana. Na ce, "Allah ya kai mu." Na ci gaba da albasata. Raina kuwa fari tas. Ban dai nuna ba.

Ranar jajibirin tafiya na wuni a kicin. Na yi dambun nama, na soya kaji, na dafa shinkafa da wake, na haɗa zoɓo na sa a firiji. Maigidana ya leƙo ya ga kuloli a jere ya yi dariya.

"Hajji za mu tafi ne? Akwai abinci a can fa."

Na ce, "Abbansu, ba a tafiya babu guzuri."

Goggo daga falo ta ce, "Bar ta, matarmu ta fi ka gaskiya. Ni ba zan ci abin da ban san wanda ya yanka ba."

Da sassafe muka kama hanya. Goggo a gaba saboda gwiwa, ni da yaran a baya, auta a tsakiya. Hagu da dama gonakin kwakwar manja ne, layi-layi har iya ganinka. Babbar tana ta karanto mana abin da za mu fara gani da abin da zai biyo baya. Ta tsara komai. Ban taɓa ganin ta da ɗoki irin na ranar ba.

Garin ƙarami ne in aka kwatanta da inda muka baro, titunansa matsattsu. Muka ajiye mota nesa muka taka zuwa wani fili da duk ginin da ke kewaye da shi ja ne, jan ƙasa-ƙasa kamar an shafe su da jan kunun gini. Akwai coci, akwai hasumiyar agogo, akwai famfon da ke feso ruwa. Maigidana ya gyara tsayuwa ya fara koyarwa: Turawan wata ƙasa suka fara zuwa, na wata suka kore su, sannan Ingilishi suka karɓe.

Goggo ta ce, "Wato duk ɓarayin duniya sai da suka kwana a nan."

A gefen filin kekunan suke, sun fi yadda na gani a waya ado. Kowanne da lasifika, kowanne da waƙarsa, har da na Indiya. Wani dattijo mai hula baƙa ya matso da nasa yana ɗaga yatsu biyu yana cewa, "Boleh, boleh," wato ba matsala, a hau.

Sai 'yata ta kamo hannuna. A gaban ubanta, a gaban yayar ubanta, a tsakiyar mutane. Rabon da tafin hannunta ya shiga nawa tun tana koyon tsallaka titi. Da ɗumi, da ɗan gumi.

"Umma, zo."

Goggo ba ta yi faɗa ba. Murmushi ta yi ta ce, "A'a, yau kuma uwa da 'yar fari ne a keken amare? Lallai mun zo turai."

Wasa ta yi. Na san wasa ne. Amma irin wasan da in aka yi wa mace a garinmu sai ta nemi ɗakin shiga. Jikina ne ya amsa kafin ni. Na zare hannuna a hankali na ce, "Ke, ki hau da Goggonki, ba ki ga ƙafarta ba?"

Ta tsaya tana kallona. Sannan ta ce "to," ta taimaka wa Goggo ta hau. Ni da auta muka shiga na baya. Da keken ya motsa auta ta tsorata ta ƙanƙame ni, na rungume ta ina dariya. Daidai nan maigidana ya ɗauki hoto. Yana nan a bangon falonmu, shi ya wanko shi ya rataye don ya ce ya yi kyau. A gaba ni ce, baki har kunne, auta a ƙirjina. A can gefe ana ganin bayan kan babbar, ta waiwayo rabi.

Daga nan muka hau dutsen. Matakala ce mai tsawo, Goggo tana hawa tana salati. A sama akwai tsohuwar coci da ba ta da rufi, bango kawai da sama. An jingina manyan duwatsun kaburbura a jikin bangon, tsayinsu ya fi mutum, an sassaƙa rubutu a kai. Goggo ta samu wuri ta zauna tana haki.

"Yanzu fisabilillahi kango kuka hawo da ni in gani? Da kun ce kango kuke so ai da na kai ku bayan gidanmu."

Ni karatuna na makarantar manya ne, da yamma muke zuwa bayan na yi aure, a kan benci da ni da sa'o'in uwata. Ina iya haɗa baƙi, amma rubutun duwatsun ya fi ƙarfina. 'Yata ce ke bi tana karantawa, tana cewa wannan matar wani ce, wannan yaro ne ƙarami. A kusa da mu wata mata 'yar ƙasar ta jawo budurwar 'yarta, wadda ta fi ta tsawo, ta goge mata gumi da gefen gyalenta tana kiran ta da wata kalma mai taushi da suke faɗa wa wanda suke so. Na ga 'yata ta daina karatu tana kallonsu. Na juya na kalli teku, ana hango shi daga saman, da jirage a kai kamar ba sa motsi.

Muka sauko ta ɗaya gefen, muka ga ragowar ƙofar ganuwa da tsofaffin igwa a gabanta. Muka yi azahar a masallacin nan mai rufin bene-bene, wanda hasumiyarsa ba ta yi kama da ta ko'ina ba. A tsakar masallacin akwai kwarmin ruwa da ake ɗiba da moɗa mai dogon hannu a yi alwala. Wurin ya kwanta min. Da a ce ni kaɗai ce da na zauna har la'asar.

A bakin kogi muka shimfiɗa tabarma muka buɗe kuloli. Jiragen yawon buɗe ido suna wucewa, mutanen ciki suna ɗaga mana hannu. Ni na raba abinci. Ƙundun kaza da hanta, tun tana da haƙora huɗu take son su, kuma tun lokacin ban taɓa soya kaza na ba wani ba. Na tura su ƙarƙashin shinkafarta kamar yadda na saba. Ta tono su da cokali, ta kalla, ta juye wa auta a faranti. Ba da fushi ta yi ba. Ita a ganinta haka kawai suke faɗowa cikin rabonta duk shekarun nan.

Ubanta ya sayo mana wani abin sanyi da garin ya yi suna da shi, ƙanƙara da madarar kwakwa da baƙin sukari mai ɗanɗanon mazarƙwaila, da wasu koraye silili a ciki. Goggo ta leƙa kofin ta ce, "Tsutsa ce ko taliya?" Ta shanye nata tas ta karɓi rabin na auta.

Abu na ƙarshe a tsarin 'yata shi ne titin tsofaffin shaguna, inda ake sayen tsaraba. Titi ne siriri, gidajen 'yan Sin hagu da dama, jajayen fitilu a rataye, mutane kamar ranar kasuwa. Muna tsakiyarsa hadari ya taso. Maigidana ya ce bari ya je ya matso da mota kafin ruwa ya sauko. Goggo ta shige wani shago tana taya mafici. Wayar babbar tana hannun auta tana wasa da ita. Babbar kuma tana gabanmu, tana tafiya ita kaɗai, hannuwanta a naɗe.

Ruwan ya sauko gaba ɗaya. Na ja auta muka faɗa rumfar shagon da Goggo take. Na ɗaga kai na hango gyalen babbar, ruwan toka, yana nisa a cikin laimomin mutane. Ba ta san mun tsaya ba, haka na ɗauka. Ba waya a hannunta, ba ta san inda za a kawo mota ba.

Na ɗaga murya. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, duk wanda ya san ni ya sani.

"Ke! Ke!"

Wani Bature ya waiwayo. Wata mai sayar da lemo ta waiwayo. Ita ba ta waiwayo ba. Sunan yana bakina, wallahi yana kan harshena, na ji nauyinsa. Goggo tana tsaye a kafaɗata da mafici a hannu. Na sake cewa "Ke!" Gyalen ya sha kwana ya ɓace.

Na bar auta wajen Goggo na shiga ruwan. Na bi titin har ƙarshe, na leƙa shaguna, na dawo, na sake bin wani lungu. Ba ni da Turancin tambaya, abin da na iya na yaren ƙasar na cefane ne. Ina nuna tsawonta da hannu ina taɓa gyalena, mutane suna girgiza kai. Zanina ya manne a ƙafata, takalmina ɗaya ya tsinke na riƙe shi a hannu. Babu abin da ban raya ba a raina, ga kogi ya fara cika.

A kan gada na same ta, ta jingina da ƙarfe tana kallon ruwa, ta jiƙe sharkaf. Na tsaya kusa da ita ina haki. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, ba ki ji ina kira ba?"

Ba ta yi min Turanci ba. Da Hausa ta faɗa, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Na ji, Umma. Tun na farko na ji. Na ce bari in ga ko za ki faɗi sunana. Ko da zan ɓata."

Ruwa yana zuba a fuskarta, ban san ko da hawaye a ciki ba.

"Kin san shi kuwa? Ko Abba ne kawai ya sa min shi?"

Ni da na yi naƙudarta kwana da wuni. Ni da aka raɗa mata sunan ina bayan labule ina maimaita shi a zuci. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga ban san ta inda ake farawa ba. Ba uwa ce ke yin wannan bayanin ba. Aikin kaka ne, aikin goggo ne. Na cire mayafina da ya riga ya jiƙe na yafa mata, na ce, "Mu je, Abbanki yana jira."

A mota auta ta tona, don ta ga idon yayarta. Ubansu ya tambaya, babbar ta maimaita masa da Turanci, wannan karon da kuka. Na zaci Goggo za ta jawo ta ta gaya mata abin da kakata ta gaya min. Ga ta goggo, ga ta ta sani. Sai ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Yau 'ya ke tuhumar uwarta don ta ji kunyarta? Kun ga abin da zaman nan ya jawo. Bari mu je Kano, za ki koyi hankali."

Shi kuma yana tuƙi, ya dube ni ta madubi ya ce, "Ke ma dai ki dinga sassautawa. Zamani ya canza, nan ba ƙauye ba ne."

Nan ne abin ya fi min ciwo, kuma har yau bai wuce ba. Shi ya san ma'anar shiruna. A gidan da ya tashi haka ake yi, shi ma uwarsa ba ta kiran yayarsa da ke zaune a gefensa. Duk shekarun nan yana cin abinci da yarinyar a tebur ɗaya, yana koya mata lissafi da tarihin Turawa, bai taɓa ɗaukar minti ɗaya ya ce mata uwarki kunyarki take ji ba. An ɗauko ni daga inda ake gane ni aka kawo ni saman bene. Na koyi hawa jirgin ƙasa ni kaɗai, na koyi cefane da yaren mutane, na koyi yin tuwo da garin da ba na tuwo ba. Duk abin da aka ce in koya na koya. Abu ɗaya da na zo da shi daga gidanmu, babu wanda ya ga ya kai a fassara shi. Ɗaya ta ce in riƙe, ɗaya ya ce in saki, duk a mota ɗaya, kuma babu wanda zai rasa 'ya a cikinsu sai ni.

Na mai da idona kan hanya. Muka dawo cikin ruwa, masu goge gilashi suna ta kaiwa da komowa. Babbar ta jingina kai da taga, mayafina yana kan cinyarta a dunƙule. Saura 'yan kwanaki jirginsu ya tashi. Abin da za ta sa a akwati ta tafi da shi ke nan, cewa ta ɓata a ruwa uwarta ta ƙi kiran ta.

Washegari bayan na yi asuba na shiga kicin. Kulolin jiya suna nan a ƙasa ba a wanke ba, maiƙo ya daskare a ciki. Na tara ruwan zafi. Ƙofar ɗakin yara tana kallon kicin, a ɗan buɗe. Ta ɗakin Goggo ma a buɗe, ina jin ƙarar carbinta.

Na tsaya a bakin kicin na goge hannuna da zani. Na faɗe shi. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, rabin sunan ne ya fita. Na sake faɗa, cikakke.

Carbin Goggo ya tsaya.

Na ji motsin gado. Ta fito da rigar barci, idonta a kumbure, gashinta a hargitse. Ta tsaya a gabana.

"Na'am, Umma?"

Ban shirya abin da zai biyo baya ba. Ban san me ake cewa bayan an kira ba. Na kalli ƙasa, na kalli kulolin, na ce, "Zo ki kama min wanke-wanken nan."

Ta ɗan tsaya kamar tana jiran wani abu. Babu wani abu. Ta naɗe hannun rigarta ta zo ta tsaya kusa da ni. Ina cuɗawa ina miƙa mata, tana ɗaurayewa tana kifewa.